Ranar da Kaka ta koma ɓangaren baƙi

Jiya da la'asar mai gadin gininmu ya yayyafa ruwa a bakin ƙofa saboda zafi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar kwalta ya biyo iska ya same ni har hawa na uku. Na ajiye albasar da nake yankawa na yi tsaye. Haka filin ƙwallon gora yake ƙamshi idan an jiƙa shi kafin wasa, ni kuwa a bakin irin wannan fili na yi rabin ƙuruciyata a Giza.

Kada ka yi mamaki. A Alƙahira kowa ƙwallon ƙafa yake kallo, amma Baba bai taɓa son abin da kowa yake so ba. Direba ne a wani kamfani a Zamalek. Tun yana ɗan makaranta a Najeriya yake riƙe gora, da ya zo Masar sai ya samu wani ƙaramin kulob a unguwarmu ya liƙe masa. 'Yan kallo ba su da yawa, kowa ya san kowa, kuma kowa gani yake ya fi mai horarwa sani.

A can ya haɗu da mai tsaron ragar kulob ɗin, wani Bahaushen Sudan da ke zaune a unguwar Arba wa Nus. Baba ya ji ya zazzage wani ɗan baya da Hausa tsantsa a tsakiyar wasa, ana tashi ya bi shi ya kama hannunsa. Daga ranar ya zama Kawu a gidanmu. Idan ya sa kayan tsaron raga yakan yi ƙato kamar rumbu, idan ya cire sai ka ga siririn mutum mai kunya, wanda ba ya iya haɗa ido da Kaka.

Kaka mahaifiyar Baba ce. Maganin gwiwa ta zo yi, ta zauna. Larabcinta bai wuce ma'alish, wato yi haƙuri, ba, kuma ba ta ga dalilin da zai sa manyan mutane su riƙa bin ƙwallo da sanda ba. Amma duk Juma'a takan tuƙa tuwon shinkafa, ɗalibai 'yan gida su cika mana falo, masu zuwa da kuka da daddawa su zo da su. Kawu yakan ratso gari a ƙananan motocin haya don wannan tuwo. Ƙanzo yake so, Kaka kuwa ba ta yarda ko ni jikarta na taɓa shi ba.

Wata bazara, bayan an gama kakar wasa, labari ya fito cewa kulob ya ba da Kawu ga wani kulob na can garuruwan manoma, ya karɓo matasa biyu 'yan gaba. Ba wanda ya kira shi ya faɗa masa, a bakin mai wankin riguna ya ji. Juma'ar da ta biyo ya zo kamar kullum, ya zauna a inda ya saba, musu ya kaure a kan tire. Wani ɗalibi ya ce kulob ya daɗe ba ya cin ƙwallo, dole a nemo masu gudu. Wani ya ce mai tsaron raga rabin kulob ne, wanda za a sa a madadinsa kuwa ko gemu bai fara ba. Aka yi ta jan magana, ana lissafa wa ya tsufa, wa ya kamata a sallama gaba, kamar ba mutumin da ake magana a kansa ne ke zaune yana gutsurar tuwo ba.

Sai Baba ya gyara zama. Ya ce, “Gaskiya ɗaya ce. Gwiwarsa ta hagu ta gaji, ƙwallon ƙasa tana wuce shi. Kulob ya yi daidai.”

Kawu ya wanke hannu, ya ce, “Tamam, ɗan'uwa.” Ya yi wa Kaka sallama daga bakin labule, ya sa takalmi ya fita. Baba yana can yana zana fili da yatsa a kan tabarma, bai ma ɗago ba.

Da falo ya watse Kaka ta fito. Ba ta san mece ce ƙwallon ƙasa ba, ba ta kuma tambaya ba. Abu ɗaya ta tambaya: “Wa ya raka shi?”

A gidanmu ko yaron da aka aiko da saƙo sai an taka masa zuwa bakin titi. Mutum ya ci tuwonka shekara da shekaru, su can sun kore shi ba sallama, mu nan mun bar shi ya sauka bene shi kaɗai. Kawu bai sake zuwa ba. Na ji haushin Baba sosai, don ni ce nake riƙe wa Kawu hular ƙarfensa bayan wasa. Kaka ta ci gaba da kankare ƙanzo duk Juma'a tana shanyawa, tana zubawa a wani gwangwanin madara.

Sanyi ya shigo, masu gasa dankali suka fito da kurarsu, lemo ya cika kasuwa. Ranar da sabon kulob ɗin Kawu zai zo filinmu, Kaka ta sa safa biyu, ta yafa babban mayafi, ta ce a kai ta. Baba ya yi murna, a zatonsa ta fara son wasan. Da muka shiga ta tambaye ni ina mutanen Kawu suke. Na nuna mata can ƙetaren fili, inda wasu manoma 'yan kaɗan suke zaune da ganga ɗaya. Ta kama hannuna muka wuce ta gaban duk abokan Baba, tana ɗingishi, gwangwaninta a hammata.

Baba ya biyo mu da sauri. “Inna, nan ne wajenmu.”

Ta ce, “Wajenka dai. Ni rakiya na zo yi.”

Misirawa ba sa barin irin wannan ta wuce. Wani ya ɗaga murya yana tambayar Baba ko Hajiya ma kulob ya sayar da ita ne, kuma 'yan gaba nawa aka karɓo. Aka kwashe da dariya. Baba ya koma ya zauna ya haɗe rai, manoma kuwa suka matsa suka shimfiɗa wa Kaka bargo.

Zan so na ce maka Kawu ya kare duk ƙwallon da aka buga masa, amma ba haka aka yi ba. Yaran nan biyu sun ci shi, kuma ta ƙasa, ta hagu, daidai yadda Baba ya faɗa. Duk lokacin da katakon raga ya yi ƙara Kaka takan tambaye ni me ya faru, na ce an ci Kawu, sai ta ɗaga murya ta ce, “Sannu da ƙoƙari, ɗan nan.” Ya ji ta. Na ga hularsa ta juyo wajenmu ta daɗe ba ta koma ba.

Da aka tashi ta jira ya fito, ta miƙa masa gwangwani, ta ce ya wuce gaba. Daga ƙofar fili zuwa inda motarsu take ba nisa, amma da gwiwar Kaka sai da direba ya gaji ya kashe inji. Muna tsakiyar hanya Baba ya iso. Ya sauke babbar jakar kayan daga kafaɗar Kawu ya ɗora a tasa, ya kai ta har cikin mota. Juma'a Kawu ya dawo kan tire. Baba bai taɓa janye maganarsa ba, Kaka kuma ba ta taɓa neman ya janye ba.

Bayan shekaru, Kaka ta rasu, kamfani ya kawo wani matashi ya karɓi makullin motar Baba. Ya fito daga ginin da kofin shayinsa da dardumar sallarsa a leda, sai ya tarar da Kawu tsaye a bakin ƙofa. Ko a ranar abin da Baba ya ce shi ne, “Sun yi daidai, idona ya rage.” Kawu ya karɓi ledar ya ce, “Halas, shi ke nan, yalla mu tafi gida.”

Ni ban yarda sun yi daidai ba, kuma ba zan yarda ba. Yanzu ɗana a waya yake bin wa aka saya, wa aka sallama, yana karanto mini shekarunsu da gudunsu. Ya gaji kulob ɗin kakansa da taurin kansa duka. Yakan ce, “Mama, kin san fa sun ci kofi a shekarar da suka sallami Kawu.” Na sani, ina wurin. Har yau idan muka je fili, a ƙofa muke rabuwa, ni na wuce ɓangaren baƙi ko ma wane ne ya zo. Yakan ɗago mini hannu daga can yana kirana. Ina ɗaga masa nawa, amma ba na tashi.