Anti A-Sake da Ƙafar Kafinta

Ƙarfe bakwai saura kwata take buɗe ɗakin gwaji na asibitin koyarwa. Ta rataye mayafi a bayan ƙofa, ta sa farar riga, ta wanke hannu har gwiwa, ta leƙa firji, sannan ta gaisa da mutane. Shekara ashirin da shida ke nan, kuma a makon nan ta ajiye aiki. Ba likita ba ce, ba farfesa ba. Ita ce mai haɗa kwaɓin da ake cike gurbin ƙashi da shi.

Da ɓawon jatan lande da garin ƙashin kifi ake yin kwaɓin. In da sanyi ruwa-ruwa ne, sirinji na iya zuƙar sa. Da ya ji ɗumin jiki sai ya kama, ya tsaya a gurbin kamar katakon da magina ke kafawa kafin su zuba siminti, sabon ƙashi ya bi shi ya tofo.

Ɗalibai ne suka sa mata Anti A-Sake, don bakinta bai san wata magana ba. Akwai inji mai gwada kamawar kwaɓin a ɗumin jikin mutum, amma ita sai ta ƙara da nata gwajin. Takan ɗiba kaɗan a ƙaramar kwalba, ta toshe, ta sa a hammata, ta kafa wa agogon bango ido. Minti biyar, ta karkata kwalbar. In ya motsa, a sake. Ɗalibai kan ƙyafta wa juna ido su ce Anti ta hau kwanci.

Shekara huɗu da suka wuce aka kawo wani kafinta da ya faɗo daga rufin ɗaki. Ƙashin ƙaurinsa na hagu ya yi gurbi mai faɗin yatsa uku. An yi masa aiki sau biyu bai haɗe ba, likitoci suka ce in na uku ya ƙi, sai yankewa. Safiyar aikin, inji ya nuna kwaɓi ya yi. A hammatar Anti kuwa har minti goma sha ɗaya yana gangara.

Farfesan da ke shugabantar sashen ya zo da kansa.

"Anti, inji ya ce ya yi. Mutumin nan tun jiya bai sa komai a bakinsa ba."

"Ranka ya daɗe, ai ba cikin inji za a zuba ba, cikin ƙafar mutum ne."

"To hammatarki za mu rubuta a rahoto?"

"Ku rubuta abin da kuka ga dama. Ni dai ba zan sa hannu ba."

Aka ɗage aikin kwana tara. Matar kafinta ta tare ta a baranda ta wanke ta tas, Farfesa ya yi mako yana amsa gaisuwar Anti da ka. Da mai gyara ya buɗe injin, sai aka tarar zafinsa ya zarce abin da yake nunawa, shi ya sa kwaɓin ya kama a cikinsa. Da an zuba kwaɓin nan, da ya tsiyaye daga raunin. Aka sake kwaɓi, aka yi aiki, ƙashi ya haɗe. Rahoto ya fito da sunaye bakwai, babu nata.

Ke ce mai taurin kai inda ya dace, Anti. Ke ce kika yarda a ji haushinki, aka bar wa mutum ƙafarsa.

Makon jiya kafintan ya hawo matakala har hawa na uku, ɗauke da kujerar da ya ƙera wa Farfesa. Ya tarar da ita tana kwashe littattafanta.

"Baiwar Allah, ina ofishin Farfesa?"

Ta nuna masa. Ta tsaya tana kallon ƙafar hagun har ya sha kwana.

Bai san ki ba, ke ma ba ki gaya masa ba. Mu da muka sani mun gode a madadinsa, Allah ya ba ki hutu mai albarka. Ku kuma da za ku gaji teburinta, ranar da manya suka tsaya a kanku suna duba agogo, ku tuna akwai wanda ke kwance yana jiran ya ji ko zai tashi da ƙafa biyu.