Kawu Sada da Tsutsar da Ke Gini a Cikin Ruwa

A wannan watan Kawu Sada, wan mahaifiyata, ya cika shekara bakwai da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa ina fasawa, don tsoron kada in ɗora masa maganar da bai faɗa ba. Iya abin da na tuna zan kawo.

Manomin rani ne a wani ƙauye tsakanin Ƙanƙara da Faskari, a bakin wata ƙorama da ke gangarowa daga duwatsu, wadda ko da bazara ba ta cika ƙafewa ba. Da na zo hutun farko daga jami'a, inda nake karatun kimiyyar sinadarai, na tarar yana fama da tiyon ban-ruwa da ya tsage. Na ce masa sai ya bari ya bushe, domin babu gam ɗin da ke kamawa a cikin ruwa. Bai yi musu ba. Ya ja ni cikin ƙoramar, ya juya wani dutse, ya nuna mini wasu 'yan bututu da aka gina da ƙwayoyin yashi, manne a jikinsa, ba su kai gaɓar yatsa ba. Ya ce in ɓanɓaro ɗaya. Sai da na sa farce. A ciki tsutsa ce.

"To ita wannan, wa ya shanya mata?" in ji shi.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ranar na gane haka.

Kawu ya yi imani cewa duk inda tsutsar nan take, ruwan lafiyayye ne. Shi ya sa da maganin feshi ya yawaita, ya haƙa rami nesa da gaɓa, ya dage sai a can za a riƙa ɗauraye famfon feshi. Mutane suka laƙaba masa Sarkin Tsutsa. Maƙwabcin gonarsa, Malam Ila, shi ne kan gaba wajen tsokana: kullum sai ya tambaye shi ko talakawansa sun tashi lafiya.

Yau a kan wannan tsutsar nake bincike na digiri na biyu. Abin da aka fahimta zuwa yanzu shi ne, zare take fitarwa daga baki, na furotin, kusan irin na gizo-gizo, da shi take ɗinke yashin. A jikin zaren akwai sinadarin fosfet mai yawa, wanda ake ganin shi ne, tare da kalsiyam, ke ba shi ƙarfi da kamu a jiƙe. Idan aka iya kwaikwayonsa, wataƙila a samu abin manne rauni a cikin jikin mutum, inda jini da danshi ke hana gam kamawa. Na ce wataƙila. Ba na son mai karatu ya ɗauka an kai can. Da Kawu na raye, na tabbata tambayarsa ɗaya ce, ko abin zai gyara masa tiyo, kuma dole in ce masa tukuna.

Malamar da ke duba aikina ta ce in ban samo tsutsar daga ruwanmu ba kafin ƙarshen zango, sai in sauya batu. Na yi shekaru ban je ƙauyen ba. Ina fakewa da rashin tsaron hanya, kuma gaskiya ne, amma akwai wani tsoron a ƙasa: kada in je in tarar an koma wanke famfo a ƙorama, duwatsun sun zama wayam.

Watan jiya na je da bokiti. Dutse na farko babu komai, na biyu ma haka. A na biyar na same su, jere kamar rumbuna. Ban san Malam Ila na tsaye a kaina ba sai da ya yi gyaran murya. Ya tsufa ƙwarai. Ya gaya mini ramin yana nan, sau biyu ya sake yashe shi, kuma bara har sai da ya kai wa mai unguwa ƙarar wani da ya wanke famfo a ƙoramar. Na tambaye shi yaushe ya yarda da maganar Kawu. Ya ce shi har gobe bai yarda ba, kawai dai ba ya iya ganin ana yi wa Malam Sada haka a bayan idonsa.

Kawu bai bar rubutu ba, gonar ma an raba. Ban sani ba ko bincikena zai kai ga wani abu; sannu dai ba ta hana zuwa. Abin da na iya aunawa shi ne, ɗabi'ar mutum ɗaya ta riƙe ƙorama shekara bakwai a hannun wanda ya fi kowa yi masa dariya.

Da na ɓanɓari bututun na zuba a bokitin, na cika shi da ruwa zan tafi, Malam Ila ya leƙa ciki, ya ƙirga da ido.

"Sun isa haka nan, ɗana. Ka mai da duwatsun yadda ka iske su, fuskar ƙasa a ƙasa."

Na koma cikin ruwan, na mayar da su ɗaya bayan ɗaya.