Kaset Arba'in, Labari Ɗaya

Shekara ashirin da shida ina share ofishin malamin jami'ar nan da muke kira Baban Kaset. Kullum kafin in jiƙa tsumma ya riga ni isowa, rediyo a gaba, fensir a hannu, yana sauraren tsofaffi suna faɗin yadda duniya ta fara da inda mutuwa ta samo hanya. Ni ban yi boko ba. 'Yata ce ke rubuta wannan, na kuma ce kada ta sassauta ko kalma ɗaya.

Direbansa shaida ne. Ƙauyen da mota ba ta shiga, da ƙafa Baba yake ƙarasawa, ya zauna a ƙasa gaban tsohuwar da jikokinta ma sun gaji da ita. Bai taɓa ce wa kowa ba haka labarin yake ba. Labarin yadda sama ta yi nisa da ƙasa kaɗai, daga bakin mutum arba'in ya ɗauka, har da innata, Allah ya jiƙanta. Ita ta ce taɓarya ce ta zunguri sama, wata ta ce hayaƙi ne ya kore ta.

Na ce, "Baba, to wace ce maƙaryaciyar?"

Ya yi dariya. "Iya, ke da ƙanwarki hancinku ɗaya? Wace ce ba 'yar gidan ba?"

Watan jiya ya yi ritaya, ido ya yi rauni. Ko kujerarsa ba ta huce ba sabon shugaban sashe ya leƙa kantar da Baba yake jera kaset, ya ga kaset arba'in da suna ɗaya. Wai, "Iya, duk abu ɗaya ne. Bar guda, ki zuba sauran a bola, firij za mu sa a nan."

Firij! Na ce, "Ranka ya daɗe, uwata ce a ciki. Kai za ka zuba taka a bola?" Ya ce ko in kwashe kafin Litinin, ko a nemo mai iyawa.

Baba, kai ne rumbun da bai raina hatsin kowa ba. Kai ka sa na sake jin tarin innata da dariyarta, tana shekara goma a ƙasa. Na gode, Allah ya saka maka.

Ku kuma da kuka yi digiri a hannunsa, kuna ina? Ku zo ku zauna ku saurara yadda ya saurara, sannan ku sa a mayar da kaset ɗin kan kantarsu. Talatin da taran suna ɗakin tsintsiya, makullin yana ƙulle a bakin zanena. Bari Litinin ɗin ta zo ta same ni.