Zanen Kamfe a Hanyar Aujara

Mun tashi daga Dutse da asuba, ni da gwaggona, za mu Aujara sunan ɗan yayata. Tun a tasha jikina ya ba ni akwai wani abu. Kwandasta ya dubi ƙafafuna, ya dubi fuskata, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai kawai ya ce mu shige baya wurin mata.

Sai da gari ya waye na gane abin da ya gani. Mun kwana biyu ba wuta, a duhu na lalubo zane na ɗaura, ashe zanen kamfe ne, atamfar nan mai hoton shugaban ƙasa. Hijabina iyakarsa gwiwa. Daga nan zuwa ƙasa fuskarsa ce, tana ta murmushi. Babana ne ya kawo mana atamfar lokacin zaɓe, don shi ya bi unguwarmu gida-gida yana nema masa jama'a. Ni ma da son raina na ɗaura ta a lokacin. Shekarar na gama sakandare, ƙuri'ata ta farko ke nan, na tsaya layi a rana ina murnar soja sun tafi, wahala ta ƙare.

Kuɗin mota ya ninka tun da aka ƙara wa mai kuɗi. Duk gidan man da muka wuce a rufe yake, ga layin motoci ba direbobi, ga 'yan bumburutu da galan-galan a bakin titi. A Kiyawa Gwaggo ta sayi ƙosai, ta ɗaga ɗaya ta ce wannan ai magarya ce aka soya. An ɗan yi dariya. Gero ya fito a gonaki amma duk ya yi rawaya, wani dattijo a gaba yana ta lissafin takin da aka yi musu alkawari, da kananzir, da maganin asibiti. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, a gidanmu ma da itace muke girki yanzu. Ni dai sai jan hijabi nake yi ƙasa, ya ƙi kaiwa.

Mun bar babban titi ba da jimawa ba muka hango hayaƙi. Samari ne suka tare hanya da tayoyi suna ƙonawa, da gorori a hannu, suna zagin gwamnati. Kowace mota sai sun leƙa. Ta gabanmu akwai hoton shugaban a gilashin baya, kafin direban ya gama ba su haƙuri gilashin ya tarwatse. Suka fizge hular jam'iyya daga kan wani mutum suka jefa a wuta, wani ya bi shi da mari. Har yanzu ina jin ƙarar marin nan.

Gwaggo ta kama salati.

Kusa da ni akwai wata tsohuwa Bafulatana mai ƙwaryar nono. Ta kwance zanen da ta ɗaura a sama da nata, ta tura mini. "Kwance naki, yarinya. Maza." Matan da ke bayan suka matso suka baza mayafansu kamar masu gyara zama. Na canza, ban san yadda na yi ba. Tsohuwar ta karɓi nawa ta murɗe shi tamau, ta naɗe shi gammo, ta danna a ƙarƙashin ƙwaryarta.

Wani mai jan ido ya cuso kai ta taga, warin fetur na tashi daga rigarsa. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan ƙwaryar.

"Inna, mene ne wannan?"

"Nono ne. Za ka saya, ko kai ma talaucin ya kama ka?"

Abokansa suka kwashe da dariya. Ya bugi jikin motar ya ce mu juya, yau ba mai wucewa.

Haka muka juyo, ba mu ga Aujara ba, ba mu ga jariri ba. Tsohuwar ta sauka a wata mararraba, ta aza gammon a ka, ta ɗora ƙwarya, ta shiga gona. Na kira ta don zanenta, ko waiwaye ba ta yi ba. Abin da na tsinta a tafiyar nan shi ne, mu da muka zaɓe shi da waɗanda suka tare mu wahala ɗaya muke sha, amma a kan titi ba mai tsayawa ya tambaye ka.

Da azahar muka iso gida. Labari ya riga mu, Baba yana tsaye a ƙofar zaure ba takalmi. Ya ga zanen da ba nawa ba, Gwaggo ta ba shi labari ina kuka. Shi fa mutum ne da ko a rediyo aka soki shugaban sai ya rama masa.

"Gammo ta yi da shi?" ya ce. "To madalla. Yau dai ya ɗauki kayan talaka."

Ya dafa kaina. "Shiga ciki, uwata. Kin zo gida, ba mai taɓa ki."