Faifan Hedimasta

Akwai abin da ya faru a shagona na Nasarawo wanda ba zai taɓa fita raina ba. A shekarun da mutanen Borno suka yi ta kwararowa Gombe ne. Lokacin ina sayar da kwamfutoci na hannu, ina kuma ɗora wa mutane abubuwa a faifan sidi. Na sayi sabuwar na'ura mai sauri, duk wanda ya shigo sai ya ji labarinta, ko bai tambaya ba.

Wata safiyar Talata wani dattijo ya zo daga Barunde. Hedimasta ne a garinsu can Borno kafin a ƙone makarantar. Abin da ya tsira da shi filashi ɗaya ne, ɗauke da sunayen ɗalibansa da sakamakonsu. Wani ofishi ya yarda zai raba yaran a makarantun Gombe, kowa a ajinsa, in ya kawo shaida zuwa Juma'a. In babu, sai a mayar da su baya. Ofishin ba sa karɓar filashi, wai yana kwaso wa kwamfuta cuta. Faifai suke so.

Kafin ya gama shan ruwa na miƙa masa faifai. Da azahar sai ga shi, kwamfutar ofishin ta ƙi karantawa. Na ce ba mamaki, ai na'urar tasu ta girmi masu aiki da ita. Na ɗora masa wani kamar na farko. Laraba ma haka, ya hau keke, ya bi layin shingayen bincike, ya dawo da faifai a aljihu. Ni kuwa kowane zuwa sai in sa faifan a sabuwar na'urata, ya buɗe, in juyo masa fuskarta ya gani, sai ka ce ni zan ba yaran aji.

Ranar Alhamis bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, taka tana karantawa, na gani. Amma ba taka za a kai wa ba. Ba ka da tsohuwa a shagon nan?"

Ina da ita. A kanta yake zaune.

Na kakkaɓe ta na kunna. Fayafayan nan duka ta yi ta gurnani a kansu, ba wanda ya buɗe. Nan na gane laifin nawa ne, kashi biyu. Ɗori da sauri ba ya kama faifai sosai, idon tsohuwar na'ura kuma ba ya ganinsa. Sannan ina da wata dabara: ba na rufe faifai bayan na gama ɗori, don mai shi ya dawo wurina a ƙara masa wani abu. Tsofaffin na'urori kuwa ba ruwansu da faifan da ba a rufe ba.

Na ɗauko faifai mai kyau, na sa na'urar ta ɗora a hankali iya hankalinta, na rufe shi. Muka zauna muna jira. Da na sa a tsohuwar, sunayen yara suka fito. Dattijo ya bi su da yatsa har ƙasa, sannan ya ce in rubuta masa yadda na yi, don kada ya dogara da ni nan gaba. Na rubuta.

Ranar Juma'a da safe aka karɓi faifan, kowane yaro ya sami ajinsa.

Tun daga ranar na koyi cewa aiki bai kammala ba don ya yi a gabana. Sai ya yi a inda mai shi zai kai shi. Kwana uku ina zagin kwamfutar da ban taɓa gani ba, saura kaɗan yaran mutane su maimaita aji saboda ƙwarewata.