Kawu Idi Magini da Ɗaki na Ƙarshe

Duk wanda ya san Kawu Idi Magini ya san ba ya shiga gida ya fara gaida mutane. Bango yake fara gaisawa da shi. Sai ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, sannan ya yanke hukunci. Ko ya ce, “Wannan ya ƙoshi,” ko ya ce, “Wannan yunwa yake ji.” Kun tuna ranar da muka je ta'aziyya Bagwai? Ana tsakiyar addu'a ya taɓa mai gida, ya ce, “Allah ya jiƙan mamaci. Amma ku matsa daga jikin zauren nan, kada mu dawo jibi.”

A shekarun nan da gero ya ƙi, har muna haɗa tuwo da dusa, ɗana Nasiru ya samu shiga kwaleji a Kano. Haya a birni kuwa ko a mafarki. In bai samu gado a cikin makaranta ba, to karatu ya ƙare, sai fartanya.

Nasiru ya ce zai nemi hostel. Kawu ya zabura.

“Otel? Jikan liman a otel? Da raina?”

“Kawu, ɗakin kwanan ɗalibai ne.”

“Haka suke cewa da farko! Ɗauko min takalmina.”

Haka muka shiga mota daga Minjibir zuwa Kano mu uku, a ƙarshen damina. Muka tarar an liƙa sunayen waɗanda suka samu gado a allo. Lokacin ban daɗe da fara yaƙi da jahilci ba, na bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, har sau uku. Babu Nasiru. Yaron ya zauna a kan akwatinsa, ya kasa ko kallona.

Jami'in rabon ɗakuna, wani mai tabarau, ya ce, “Baba, sai haƙuri. Gadaje sun ƙare.”

Kawu ya nuna wata ƙofa a ƙarshen gini. “Waccan mai kwaɗon fa? Aljanu aka ba wa?”

“Bangonta ya jiƙe. An ce zai faɗi.”

“Wa ya ce? Bangon ka tambaya?”

Mai tabarau ya buɗe, don dai ya rabu da mu. Kawu ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya kara kunne, ɗalibai suna ta dariya. Can ya ce, “Wannan ya ƙoshi. Ruwa ne ya yi masa yawa. Ku ba ni tsani.”

Jama'a, tsoho mai furfura ya naɗe babbar riga ya hau rufin! Ya zura hannu cikin indararo, ya zaro sheƙar tattabaru da wani tsohon silifa. Ruwan da ya taru a sama tun farkon damina ya kwararo shaaa, a kan takalmin mai tabarau.

Kawu ya leƙo daga sama yana ɗaga silifan. “Ranka ya daɗe, ga mai ɗakin nan na kore shi. Saura haya yake binku.”

Ɗalibai suka ɗau tafi. Mai tabarau yana matse wando ya ce bango na bushewa za a sa mutum takwas, kuma Nasiru ne zai fara zaɓar gado. Nasiru ya nuna na sama, kusa da taga.

Kawu ya ce, “Kai, sakarai! Taga ta gabas ce, ta nan ruwa ke zuwa. Ɗauki na ƙasa, jikin bangon yamma.” Ya juyo gare ni. “Otel ɗin nan ba laifi. Ban ga mace ko ɗaya ba.”

A gadon nan Nasiru ya gama karatunsa.

Ranar da Kawu ya rasu, Nasiru ne ya shiga kabarin don karɓarsa. Na ga ya ɗan tsaya, ya ƙwanƙwasa gefen ramin a hankali. Ya ɗago da jajayen idanu ya ce, “Baba, wannan ya ƙoshi.”

Allah ya jiƙan Kawu Idi. Yadda ya buɗe wa yaronmu ɗaki, Allah ya yalwata masa nasa.