Abin da Ban Gaya wa Inna Ba

Ni mai surutu ce, a gidanmu na Damagaram cewa ake yi magana ba ta kwana a cikina. Sai ga shi aikin jinya na koya. Ranar gama lakkol, wato makarantar jinya, aka sa muka ɗaga hannu muka rantse cewa abin da marar lafiya ya gaya mana, ko muka gani a takardarsa, ba ya fita bakinmu sai da yardarsa. Na ɗauka abu ne mai sauƙi.

Da aka turo ni Yamai na kama ɗaki a unguwar Wadata, gidan wani tela mutumin Maradi. Ban san kowa ba a garin, Zabarmanci kuwa ko gaisuwa ban iya ba. Matarsa, wadda nake ce wa Inna, ita ta riƙe ni. Kullum na dawo daga aiki sai in tarar da kwanonta a bakin ƙofata, wani mai lotsattsen marfi. In na ci in wanke in kai mata, mu yi ta zuba har a kira magariba.

Wata safiya cikin damina mijinta ya zo asibitinmu shi kaɗai. Likitan ba ya jin Hausa, don haka da bakina aka gaya masa: ciwon daji ne a hanta, kuma ya yi nisa. Muna fitowa ya tsayar da ni.

"Ɗiyata, kada ki hwaɗa mata. Ban son a soma kukana ina raye."

Na roƙe shi, har faɗa na yi masa irin wanda ba a yi wa babba. Na je wurin shugabar sashenmu, ta ce lallashinsa kawai zan iya, magana tasa ce, ba tawa ba. Na ji haushinta ƙwarai, don na san gaskiya ta faɗa.

Inna ba yarinya ba ce. Ta ga mijinta yana ramewa, keken ɗinki ya fara yini a rufe.

"Ke da kike aiki can, mi ke damun baban naki?"

"Inna, shi za ki tambaya."

Ta tambaye shi, ya ce gyambon ciki ne. Daga nan na daina zama hira, don na san halin bakina. Sai in aje kwano in ce na gaji, in shige ɗaki in rufe. Wata huɗu ina cin tuwonta ni kaɗai, ina jin muryarta ta bango. Ban taɓa kaɗaici irin wannan ba.

Bayan sadakar ukunsa ta shigo ɗakina, ba ta zauna ba.

"Kin sani?"

"Na sani, Inna."

"Tun yaushe?"

"Tun damina."

Ta daɗe tana kallon ƙasa. "Yana cikin ciwon nan, sati ukku na yi Maradi wajen suna. Da kanki kika raka ni tasha."

Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ɗauki kwanonta inda na kife shi, ta fita.

Har yau ni ke koya wa sababbin ɗalibai wannan doka, ba na rage mata komi. Amma ba na gaya musu yadda na dawo daga aiki washegari na tsaya da makulli a hannu ina duban bakin ƙofata, sannan na koma titi na sayi burodi.